Tankin da ke aiki da agogo: yadda tsarin SBR yake tace dagwalon gida

Ruwan da ya bar gida ta bututun masai, da na wurin wanka, da na wanke-wanke, ba ɓacewa yake yi ba. Inda babu babbar magudanar da za ta kwashe shi zuwa matatar gari, abin da aka saba shi ne a gina tankin bahaya a ƙarƙashin ƙasa, a haɗa shi da sokawe, a bar wa ƙasa sauran aikin. Tankin yana riƙe abin da ya yi nauyi ya nutse, da maiƙon da ya taso sama, amma ruwan da ke fita daga cikinsa yana ɗauke da rabin ƙazantarsa ko ma fiye. In ƙasar wurin tana da zurfi, tana shan ruwa daidai gwargwado, rijiya kuma tana nesa, sai a wanye lafiya. In kuwa yumɓu ce, ko dutse yana kusa, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa bai yi nisa ba, ko gidaje sun cunkushe, to abin da aka zubar bana shi za a ɗebo baɗi a guga. A irin wannan wuri ne ake neman abin da zai tace ruwan tun kafin ya taɓa ƙasa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi yaɗuwa ita ce wadda injiniyoyi ke kira SBR, wato tankin da ke tace ruwa zubi-zubi, yana bin matakai ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a fahimci tankin, sai an san mene ne ake so a cire. Yawancin ƙazantar dagwalon gida abu ne mai ruɓewa: bahaya, fitsari, guntun abinci, sabulu, maiƙo. Masana suna auna ta da yawan iskar oksijin da ƙwayoyin bakteriya za su sha cikin kwana 5 kafin su cinye ta, ma'aunin da ake kira BOD. A lissafin da ake aiki da shi a Turai, mutum ɗaya yana fitar da ƙazantar da ke buƙatar giram 60 na oksijin a kowace rana. Idan mutumin ya yi amfani da lita 150 na ruwa, kowace lita tana ɗauke da bashin miligiram 400 ke nan. To ruwa mai tsabta a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas ba ya iya riƙe oksijin fiye da miligiram 9 a lita, a zafi 30 kuwa bai kai 8 ba. Ka ga ke nan lita ɗaya ta dagwalo tana iya shanye iskar da ke cikin lita arba'in da wani abu na ruwan rafi. Wannan shi ne dalilin da ya sa kifi ke mutuwa kuma ruwa ke yin baƙi da ɗoyi a inda ake sakin dagwalo. Aikin matata, babba ko ƙarama, shi ne a biya wannan bashin iskar a cikin tanki, maimakon a bar wa rafi.

Dabarar kanta ta haura shekara ɗari. A shekarar 1914 wasu masu bincike biyu, Edward Ardern da William Lockett, da ke aiki a matatar Davyhulme ta birnin Manchester a Ingila, suka bayyana abin da suka gano. Suna hura iska a cikin kwalaben dagwalo, sai ya ɗauki kusan mako 5 kafin ya tsarkaka. Maimakon su zubar da lakar da ta kwanta a ƙasan kwalba, sai suka tsiyaye ruwan sama kaɗai, suka zuba sabon dagwalo a kan tsohuwar laka. Da suka yi ta maimaita haka, lakar ta taru, aikin da ke cin makonni ya koma na awa 24. Lakar nan ba datti ba ce kawai, tarin ƙwayoyin halitta ne masu rai da suka saba da cin wannan ƙazanta. Abin lura shi ne hanyar da suka bi: a cika, a hura iska, a bari ya kwanta, a tsiyaye. Ita ce SBR ɗin yau ba tare da wani bambanci na asali ba. An yi watsi da ita ne a wancan zamani saboda tana buƙatar mutum ya tsaya dare da rana yana buɗe bawul yana rufewa, ramukan fitar iska kuma suna toshewa duk lokacin da laka ta kwanta a kansu. Sai manyan birane suka koma tsarin da ruwa ke gudana ba tsayawa, daga wannan tanki zuwa wancan. A shekarun 1970 ne Robert Irvine na Jami'ar Notre Dame a Amurka, da Mervyn Goronszy a Ostareliya, suka farfaɗo da ita, lokacin da aka samu na'urorin da za su iya yin aikin mai gadin bawul da kansu. A farkon shekarun 1980 aka gwada ta a matatar garin Culver da ke jihar Indiyana, ta kuma yi aiki.

Bambancin tsarin biyu yana da sauƙin ganewa. A babbar matata ta gargajiya, kowane aiki da tankinsa: nan ake hura iska, can ake barin laka ta kwanta, ga famfon da ke mayar da lakar baya. A SBR kuwa tanki ɗaya ne ke yin duka, sai dai kowane aiki da lokacinsa. Abin da wancan ya raba da bango, wannan ya raba shi da agogo. Shi ya sa ya dace da gida guda ko 'yan gidaje, inda fili ya yi ƙaranci kuma ba wanda zai gina tankuna uku.

Duk da haka, na gida yawanci ɗaki biyu gare shi. Na farko shi ne ma'ajiya. Nan dagwalo ke fara sauka, abu mai nauyi ya nutse, maiƙo ya taso, ruwan tsakiya kuma ya jira. Wannan jiran yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin gida ba ya zubar da ruwa daidai wa daida. Da safe kowa yana wanka, da rana shiru, da dare a sake cikowa, ranar wanki kuma abin ya ninka. Ƙananan matatun da ruwa ke ratsawa kai tsaye suna shan wahala da wannan, don idan ruwa ya zo da yawa a lokaci guda sai ya ture na gabansa waje kafin ya gama tsarkaka, wani lokaci har ya kwashi laka ya fita da ita. A SBR ba ruwan da ke shiga ɗaki na biyu, inda ake tacewar, sai an ɗebo shi, kuma ana ɗebo shi ne gwargwadon abin da ɗakin zai iya. A ganina wannan ita ce babbar falalarsa a gida, ta fi duk sauran da masu sayarwa ke lissafawa.

Mu ɗauki gida mai mutum 6, kowa da lita 150, jimilla lita 900 a yini. Yawancin na'urorin suna zagaye 4 a rana, kowane awa 6, wasu kuma 3 na awa 8. In 4 ne, kowane zubi bai wuce lita 225 ba. Zagaye yana farawa da ɗebo wannan zubin daga ma'ajiya a zuba shi a kan lakar da ke jira, abin 'yan mintuna ne. Sai injin hura iska ya tashi, yana tura iska ta wani faifan roba mai ƙananan huji da ke ƙasan tanki. Kumfar tana yin aiki biyu: tana ba bakteriya oksijin, tana kuma juya ruwan don laka da ƙazanta su gauraya. Ƙwayoyin suna cin abin da ke ruɓewa, wani kaso su ƙone shi ya zama iskar kabon da ruwa, wani kaso su gina jikinsu da shi su hayayyafa. Wannan mataki shi ne mafi tsawo, yakan kai awa 4. Bayansa sai komai ya tsaya cik. Babu iska, babu ruwan da ke shigowa, na tsawon awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙwayoyin da suka manne wa juna suka zama 'yan curi-curi sai su sauka a hankali, ruwa garau ya rage a sama. Daga nan a tsiyaye ruwan saman, ana ɗebo shi daga ɗan ƙasa da fuskar ruwa don kada a kwashi abin da ke yawo a kai, kuma nesa da lakar ƙasa. A ƙarshe a zuƙi ɗan rarar laka a mayar ma'ajiya, tankin ya ɗan huta, sai zagaye ya sake.

Wani abin sha'awa a ƙirar da yawa daga cikinsu shi ne babu famfon lantarki ko ɗaya a cikin ruwa. Injin hura iskar da ke waje a cikin akwati shi ne ke yin komai. Idan aka saki iska a ƙasan bututun da ke tsaye a ruwa, kumfar tana sa abin da ke cikin bututun ya fi na waje rashin nauyi, sai ya tashi ya zubo ta sama. Da wannan dabarar ake cikawa, da ita ake tsiyayewa, da ita ake mayar da laka. Akwatin sarrafawa yana buɗe bawul ɗin da ya dace a lokacin da ya dace, shi ke nan. Duk abin da zai lalace yana waje a busasshen wuri, inda hannu ke kaiwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne sinadarin naitirojin. Fitsari cike yake da shi, kuma da zarar ya shiga bututu sai ya rikiɗe ya zama amoniya. Amoniya guba ce ga kifi, ita ma kuma tana shan oksijin. Tankin bahaya ba ya taɓuka mata komai. Tana fita, ƙasa ta mayar da ita naitiret, naitiret kuma ba ya maƙalewa a ƙasa, bin ruwa yake har rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a litar ruwan sha, musamman saboda jarirai, domin yana iya hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Cire naitirojin gaba ɗaya yana buƙatar rukuni biyu na bakteriya da ba sa aiki a yanayi ɗaya. Rukunin farko, irin su Nitrosomonas da Nitrospira, suna mayar da amoniya naitiret, kuma sai da iska mai yawa: kowane giram na naitirojin yana cin kusan giram 4.6 na oksijin. Rukuni na biyu suna mayar da naitiret iskar naitirojin da ke tashi ta bi sararin sama, inda da ma kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa ita ce. Amma ba sa yin haka sai an hana su oksijin, sannan an ba su abinci. In da oksijin a ruwa, shi za su shaƙa su ƙyale naitiret.

A nan agogo yake nuna amfaninsa. Ba sai an gina tanki na daban ba: a kunna injin iska na 'yan mintuna, a kashe na 'yan mintuna, rukunan biyu su yi ta karɓa-karɓa. Mafi kyawun lokaci ga rukuni na biyu shi ne farkon zagaye, sa'ad da sabon dagwalo mai ɗauke da abinci ya sauka a kan ruwan da ya rage daga zubin baya mai ɗauke da naitiret. Shi ya sa ƙira mai kyau ba ta gaggawar kunna iska bayan cikawa, sai dai ɗan bugu kaɗan don juyawa. Akwai ƙarin riba ma. Mayar da amoniya naitiret yana sa ruwa tsami, domin kowane giram na naitirojin yana cinye kusan giram 7 na sinadarin da ke tare tsami a ruwa, mataki na biyu kuwa yana dawo da kusan rabin abin da aka rasa. Inda ruwan yankin ba shi da wannan sinadari da yawa, tankin da ke yin matakin farko kaɗai yana iya yin tsamin da zai kashe ƙwayoyin da ke masa aiki.

Rukunin farkon nan su ne masu rauni. Suna hayayyafa a hankali, don haka sabon tanki yakan ɗauki makonni kafin ya fara cire amoniya sosai, sai fa in an ɗebo masa laka daga wata matatar da ke aiki. Sanyi yana rage musu kuzari ƙwarai, har ma ƙa'idar Jamus ba ta tilasta cika sharaɗin amoniya sai zafin ruwan ya kai digiri 12. A ƙasashe masu zafi matsalar ta juya: ƙwayoyin suna aiki da sauri, amma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, don haka injin da aka auna don ƙasar sanyi yana iya gazawa.

Sinadarin fosforas, wanda ke sa gansakuka ta mamaye tafki, ƙaramin SBR ba ya cire shi da yawa sai an ƙara masa na'urar ɗiga gishirin ƙarfe ko na alminiyam.

Wanda duk ya sa wannan tanki a gidansa ya sani cewa kiwo ya ɗauka, ko da yake dabbobin ba sa ganuwa. Suna buƙatar abinci, suna buƙatar iska, guba tana kashe su, kuma in sun yi yawa sai an rage. Daga wannan ake gane dukan dokokinsa. Ɗan bilic na wanke masai jefi-jefi ba ya komai, amma a juye galan guda, ko fenti, ko man inji, ko maganin ƙwari, ko ragowar magunguna, to an yi ɓarna. Man girki da kitse suna ciyar da wasu irin bakteriya masu dogon jiki irin na zare, waɗanda ke hana laka kwanciya kuma su sa kumfa mai kauri ta rufe saman tanki. Ƙyallen goge jiki da audugar mata da kunzugun yara suna toshe bututun ɗaga ruwa. Ruwan sama daga rufin gida bai kamata ya kusanci tankin ba ko kaɗan, domin zai cika ma'ajiya ya tsinka abincin. Idan mutanen gida sun yi tafiya, yawancin akwatunan sarrafawa suna da tsarin hutu da ke rage hura iska, don kada ƙwayoyin su cinye junansu saboda yunwa.

Lantarki kuma shi ne sharaɗin da ba a ciniki a kansa. Injin ba babba ba ne, na gida guda yakan ja wat 60 zuwa 100 da wani abu, kuma ba kullum yake kunne ba. Ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi ba ta kashe laka. Amma in aka kwana biyu ko uku ba iska, sai ta fara ruɓewa, ta yi baƙi, ga kuma ma'ajiya tana cika tunda babu abin da ke ɗebe ta. Inda wuta ba ta da tabbas, ko dai a haɗa shi da hasken rana da batir tun daga farko, ko a nemi wata hanya dabam, kamar fadamar da ake ginawa a dasa ciyayi ruwan ya ratsa ta cikin tsakuwa. Tana cin fili, amma ba ta jiran kowa ya kunna ta. Ba na ganin hikima a binne na'ura mai tsada a inda aka san za ta riƙa kwana ba numfashi.

Gane lafiyar tanki ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje kullum. Ana ɗebo lita ɗaya ta ruwan ɗaki na biyu lokacin da iska ke aiki, a zuba a gilashin awo, a ajiye minti 30. Laka mai lafiya ruwan kasa ce, tana da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana sauka ta bar ruwa garau a sama. In ta yi baƙi tana wari, iska ta gaza. In ta ƙi sauka ta cika gilashin, ko dai ta yi yawa ko masu zaren nan sun yi rinjaye. In ta sauka sannan ta taso guntu-guntu, naitiret ne ya yi yawa, iskar naitirojin ke ɗago ta, alamar a ƙara lokacin da injin ke kashe. Ban da wannan, akwai matatar iskar injin da ake sharewa, da robar cikinsa da ke gajiya bayan 'yan shekaru, da lakar ma'ajiya da mota ke zuwa ta zuƙe idan awo ya nuna ta taru. A nan a kula sosai: ma'ajiya ake kwashewa, ba ɗaki na biyu ba. Mai motar da ya zuƙe duka ya tafi da ƙwayoyin da ke aikin, sai an sake jiran makonni. Kuma kada kowa ya shiga cikin tankin ko ya zura kai ciki. Iskar da ke taruwa a irin wannan rami tana sumar da mutum cikin daƙiƙu, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Idan komai yana tafiya daidai, SBR yana cire kashi 90 cikin ɗari ko fiye na ƙazanta mai ruɓewa. A Turai ana gwada ƙananan matatu na mutum 50 zuwa ƙasa bisa ƙa'idar EN 12566-3, gwajin da ke ɗaukar mako 38 kuma ya haɗa da ƙarancin ruwa, da yawansa, da ɗaukewar wuta. A Amurka ƙa'idar NSF/ANSI 40 tana neman matsakaicin wata kada ya wuce miligiram 25 na BOD da 30 na ɓarɓashi a lita. Mai saye ya nemi takardar irin wannan gwaji, ya karanta lambobin da kansa. Amma ya tuna cewa sakamakon filin gwaji ne, inda ƙwararru ke duba na'urar. Wannan ne ya sa a Jamus, inda ƙananan matatun gida suka yawaita, ake ɗora wa mai gida yarjejeniyar kulawa da ƙwararre, yawanci sau biyu a shekara, a auna ruwan a rubuta.

Fasahar ba ta tsaya nan ba. A Jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Mark van Loosdrecht da abokan aikinsa sun gano yadda za a sa ƙwayoyin su dunƙule su zama ƙwalaye masu nauyi da ke nutsewa cikin 'yan mintuna. Ɓangaren waje na kowace ƙwallo yana samun iska, cikinta kuwa ba ya samu, don haka rukunan biyu suna aiki lokaci guda. Da sunan Nereda aka fitar da tsarin, kuma matatar garin Epe na ƙasar ta fara aiki da shi a 2011. Na garuruwa ne da masana'antu, amma asalinsa cikawa ne da tsiyayewa.

Abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe game da ruwan da ke fita: haskensa ba shaidar tsarkinsa ba ce. SBR yana rage ƙwayoyin cuta, amma ɗanyen dagwalo yana ɗauke da miliyoyinsu a ɗan kofi guda, ko an cire kashi 99 cikin ɗari sauran sun isa su kwantar da mutum. Ba na sha ba ne, ba na wanka ba ne, ba na wasan yara ba ne. Mafi aminci shi ne a sake shi ƙarƙashin ƙasa ta bututu mai huji, nesa da rijiya gwargwadon tazarar da dokar wurin ta gindaya, ko a shayar da bishiyoyi da furanni daga saiwa. Wanda ke son ya mayar da shi tankin kora masai, ko ya yi ban-ruwan abin da ake ci ɗanye, sai ya ƙara matakin kashe ƙwayoyin cuta, da fitilar UV mai hasken da ke kashe su ko da sinadarin kulorin. Fitilar ma ba ta aiki sai ruwan ya fito garau, domin ƙwayar cuta tana iya fakewa a bayan ɗan ɓarɓashi hasken ya wuce ta, kuma gilashinta yana buƙatar gogewa, ƙwan fitilar kuma canji kusan kowace shekara.